Gyaɗa ko 'ya'yan sanaubar: wanne ya kamata a saya?

Tun da 'ya'yan sanaubar suka fara bayyana a manyan kantunan Kano, 'yan'uwa ke ta tambayata ko sun fi gyaɗarmu amfani. Sanaubar (pine a Turance) itace ne na ƙasashen sanyi, daga Sin, Rasha, Afganistan da Pakistan ake kawo 'ya'yansa.

Ta fuskar kuɗi babu haɗi. Kuɗin ɗan ƙaramin ƙunshin sanaubar zai sayi mudun gyaɗa a Dawanau, har a dawo da canji.

A giram 100, sanaubar na da mai kusan giram 68 da furotin 14, gyaɗa kuwa mai 49 da furotin 26. Wajen bitamin E, mai kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kusan kunnen doki suke. Sanaubar ya fi gyaɗa yawan sinadaran manganis da zinc. An ga sinadaransa suna rage yaɗuwar bakteriya a ɗakin gwaji, amma don Allah kada wani ya ajiye maganin likita saboda wannan.

Kowanne da matsalarsa. Yawan man sanaubar na sa shi saurin ɓaci a zafin Kano in babu firji, wani irinsa kuma yana barin ɗaci a baki har mako biyu. Gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna mai gubar afalatoksin, wadda ke cutar da hanta. Wannan ya fi damuna.

Mai iyali da ke neman abincin gina jikin yara, busasshiyar gyaɗa ta ishe shi. Mai hali da firji, mai son ƙawata shinkafa irin ta Larabawa, sanaubar nasa ne.