Saƙo daga Bronx zuwa Agege

Yaya Sani, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. A gaida Inna da su Anti Rabi.

Ka tambaye ni farashin kaya. Tumatirin da kake saye kwando guda a Mile 12, nan a sikeli ake auna shi, ga kyau a ido, a miya kuwa salam. Ba a ɗauke wuta, har na manta ƙarar janareto. Amma ba tayi ba ragi, kuma kuɗin da ke jikin waya ko tukunya ba shi za ka biya ba, sai ka isa kanta a ɗora harajin saye, kusan kashi 9 cikin ɗari a nan birnin New York.

Abin da ya fi komai daraja a Amurka, Yaya, akanta ne mai lasisi. Mu direbobin haya ba wanda ke cire mana haraji a albashi kamar ma'aikatan gwamnatin Legas a Alausa, kai za ka kai lissafinka kafin 15 ga Afrilu. Akantana ya cire min kuɗin nisan tafiya daga kuɗin da za a yanka wa haraji, ya kuma cire kuɗin mai da gyara, alhali ɗaya doka ta yarda a zaɓa. Sai ga takarda daga hukumar haraji: ana bi na dala 3,000, ga tarar kashi 20, wato dala 600.

A nan jakar ledar nan ta rasiɗai da matata ke yi wa dariya ta yi rana. Dokarsu tana yafe wannan tara in ka nuna abu uku: wanda ka je wurinsa ƙwararre ne, ba ka ɓoye masa komai ba, kuma da zuciya ɗaya ka bi shawararsa. Na zazzage rasiɗai a kan tabarma, har da wanda man ja ya ɓata, na haɗa da saƙonnin da na tura masa da amsarsa. Aka yafe 600. Asalin harajin da kuɗin ruwansa kam sai da na biya, babu roƙo.

Da makara na yi wajen miƙa takardun, "akanta ne ya manta" ba za ta fisshe ni ba. Kotun Ƙolinsu ta rufe wannan ƙofa tun 1985.

Na canza akanta. Ka ba Inna haƙuri, kuɗin kwanon rufin sai ƙarshen watan gobe in Allah ya yarda.

Ƙaninka,
Bashir