Gargaɗi: masu karɓar kafin alƙalami a kan katin girafik da bai ma fito ba

Jama'a masu haɗa kwamfutar gem da masu aikin editin bidiyo, don Allah ku tsaya ku karanta kafin wani ya tura kuɗinsa. Akwai wata damfara da take yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram da wasu shafukan Instagram, mutum zai sa hoton kwali mai kyau na katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoto a kwamfuta, ya ce sabon katin matsakaicin farashi ne da kamfanin Nvidia ko AMD za su fitar kwanan nan, wai yana da mutum a Chana ko Dubai da ya riga ya kama masa guda kaza, duk mai so ya tura rabin kuɗi a sa sunansa a layi, saura guda biyar kacal. Kullum saura biyar ne, ko sati ya zagayo.

Abin da yake sa mutane faɗawa shi ne bayanan da suke kawowa ba su ne suka ƙirƙira ba. Ji-ta-ji-tar da ake yaɗawa a X da YouTube suke kwasowa, memori giga kaza, wuta wat kaza, zai fi na baya gudu da kaza, to kai da ka riga ka ga wannan maganar a wani wuri sai ka ga ai ta yi daidai, ka ɗauka mutumin na ciki ne. Alhali kai da shi wuri ɗaya kuka karanto. Hoton kwalin ma yawanci haɗa shi aka yi.

Ku dubi abin da ya faru a 2022 mana. Nvidia da bakinta ta sanar da RTX 4080 mai giga 12 a kan dala 899 a watan Satumba, mutane suka yi ta surutu, a Oktoba ta janye shi gaba ɗaya, sai Janairun 2023 ya fito da sunan RTX 4070 Ti a dala 799. Kamfanin da ya ƙera abin ma ya canza suna ya canza farashi bayan ya sanar, to wane ne wannan mai shafin da ya san farashin katin da ko sanarwa ba a yi ba, har ya yanka maka shi a naira? Wannan ai cinikin biri a sama ne.

Kuma yadda kayan suke fitowa sananne ne. Ana sanarwa a fili, sau da yawa a manyan tarukan baje kolin fasaha irin CES na Las Vegas a Janairu ko Computex na Taipei, kamfanoni irin su Asus, MSI, Gigabyte, Zotac su ƙera nasu, a sa ranar da za a fara sayarwa. RTX 4060 ya fito a Yunin 2023 a dala 299, RTX 5060 a Mayun 2025 shi ma 299 da giga 8, RX 9060 XT na AMD mai giga 16 ya zo a Yunin 2025 a 349. Wannan fa farashin Amurka ne ba haraji, kafin ya iso Kano ko Kaduna an ɗora kuɗin jirgi da kwastan da canjin dala da ribar mai shago. Duk wanda ya ce zai ba ka ƙasa da haka kuma kafin ranar fitowa, ka san inda aka dosa.

Bayan ka tura kuɗi abu biyu ne. Ko dai a fara maka kaya sun maƙale a kwastan, ƙaro kuɗin kiliyarin, ƙaro na webil, har ranar da za ka wayi gari an yi bulokin ɗinka an canza sunan shafi. Ko kuma, wanda ni a ganina ya fi muni, ka matsa sai a ce kamfani ne ya ɗaga ranar amma ga wani kati a ƙasa karɓi ka riƙa maneji, a turo maka jabu. Tsohuwar dabara ce, ana ɗauko tsohon kati GTS 450 na 2010 a canza masa BIOS, wato manhajar da ke cikin katin, ya riƙa nuna shi GTX 1050 Ti ne a Windows, a manna masa fanka sabuwa fil. Alamarsa za ka ga ramin VGA, na tsohuwar wayar monita, a baya, ga faifan CD na direba, wato manhajar da ke sa katin aiki, a kwali saboda sabon direban Nvidia ba ya hawa, ka buɗe gem mai ɗan nauyi ya fita da kansa. Akwai kuma katunan RX 580 da suka sha wahalar haƙar kirifto dare da rana, da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina haƙa da kati a Satumbar 2022 aka watso su kasuwa, a wanke a sa a leda a ce sabo dal. Har RTX 4090 masu gyara sun sha buɗewa su tarar an cire cif ɗin da memori, fanko ne kawai mai nauyi.

In za ka sayi kati, sayi wanda ya riga ya fito, a shagon da za ka iya komawa gobe, a sa shi a kwamfuta a gabanka. Ka buɗe GPU-Z, wani furogiram mai nuna bayanan kati, kyauta ne, yana rubuta FAKE a gaban sunan da yawa daga cikin na jabun, ka duba adadin shaders, wato ƙananan injinan lissafi da ke cikin katin, 1050 Ti na gaske 768 ne, GTS 450 kuwa 192. Ka kunna furogiram ɗin gwajin kati na FurMark ko gem na ɗan lokaci ka ga zafi da ko hoto zai fara ɗigo-ɗigo. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan. Idan sunan akawun ɗin da aka ba ka daban da sunan shago, ko aka ce na ƙanina ne nawa yana da matsala, ka riƙe kuɗinka.

Wanda kuma ya riga ya tura, kar ya zauna yana jin kunya, ya ɗauki sikirinshot na duk hirar da rasit ɗin tiransfa tun kafin a goge, ya je bankinsa yau ɗin nan ya shigar da ƙorafin damfara don a bi akawun ɗin, sannan ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Kuma ya faɗa wa admin ɗin guruf ɗin ya cire tallan.