Gargaɗi ga ɗaliban kwamfuta na Marwa da Ngaundere: a kula da mai tallan littafin Dodo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai, yana cewa yana kawo littattafan kwamfuta na asali daga Duwala. Ƙanena da ke karatu a Marwa ya faɗa hannunsa, kuma kuɗin da aka cinye daga aljihuna suka fita.

Yaron na son koyon rubuta kampaila, wato manhajar da ke juya abin da mai shirya manhaja ya rubuta zuwa harshen da inji ke ganewa. Mutumin ya yi masa tallan Compilers: Principles, Techniques, and Tools, wanda ake kira littafin Dodo saboda hoton bangonsa. Ya ce bugun 2006 ne, sefa 25,000, rabi ta waya, rabi in kaya ya sauka a tasha. Kaya kuwa ya zo a ɗaure. Sai da yaro ya cika kuɗi ya kai ɗaki ya buɗe, ya tarar da fotokwafin bugun 1986 an manna masa sabon bango. Babi na huɗu ma, inda ake koyar da feɗe nahawun harshe, ganye da dama babu. Lambar mutumin tun ranar ba ta shiga.

Da mun sani, shafin farko kaɗai ya isa ya tona shi. Bugun 1986 marubuta uku ne, Aho da Sethi da Ullman. A na 2006 ne Monica Lam ta shigo suka zama huɗu. Ku ce wa mai tallan ya ɗauki bidiyo yana buɗa shafin ciki, ba bango ba, kuma kada sisi ya fita sai littafi na hannunku kun juya shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yaron bai ma buƙaci wannan littafi yanzu ba. Shafinsa ya kai kusan dubu, lissafi ya yi masa yawa, mai fara koyo kan gaji tun bai rubuta layi goma ba. Na Robert Nystrom, Crafting Interpreters, shi ke kama hannun mutum ya gina ƙaramin harshe mai suna Lox sau biyu, da harshen rubuta manhaja na Java sannan da na C, kuma marubucin da kansa ya sa shi kyauta a intanet. Haka Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro harshen Pascal, ya saki ɗan siririn littafinsa Compiler Construction.

To wallahi wannan mutumin har na Nystrom ɗin yake sayarwa a fayil, sefa 5,000. Wata abokiyar karatun ƙanena ta biya. Duk wanda ya ga tallan a zaurensu, don Allah ya sanar da shugaban zaure a cire shi.