Takalmin birki mai araha a keken hawa dutse: abin da na gani a titunan Legas

Takalman birkin da nake magana a kansu su ne waɗannan da ake sayarwa a 'yar ƙaramar leda, babu sunan kamfani, sai zanen keke a jikin kwali. Biyu ne a ciki, da sifirin ɗinsu, wani lokaci har da ɗan fin ɗin da ke riƙe su. Kusan duk mai sayar da kayan keke daga Agege har Idumota yana da su, kuma kuɗin na kamfanin Shimano na asali guda ɗaya zai saya maka irinsu uku ko huɗu. 'Yan uwa masu sana'a irin tawa suna yawan tambayata a majalisa ko suna tsayar da keke. Suna tsayarwa. Amma ni ba na sa su a ƙafar gaba, kuma ba na son kowa ya sa, musamman da damina.

A Agege nake zaune, sana'ata kai saƙo. Tun da gwamnatin Sanwo-Olu ta hana okada a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yunin 2022, ciki har da Ikeja inda yawancin cinikina yake, na sayar da mashin na sayi keken hawa dutse na gwanjo. Birkin mai ne da shi gaba da baya, irin wanda takalma biyu ke matse faifan ƙarfe da ke tsakiyar taya, Shimano MT200, faɗin faifansa milimita 160. Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, abokai da dama suka biyo sahu. Yadi nake ɗauka, da kulolin abinci, da takardu, wani lokaci rabin buhun albasa a kariya. Na faɗi haka ne don a san cewa birkin nan ba ni kaɗai yake tsayarwa ba, har da kaya, kuma a tsakiyar motocin haya na danfo da 'yan Marwa masu babur mai ƙafa uku waɗanda ke cin birki a gabanka ba sigina.

Siffar takalmin da kekena ke ci ita ce wadda Shimano ke kira B01S, sabon samfurinta kuma B05S. Birkuna da yawa na Shimano da na kamfanin Tektro duk ita suke ci, shi ya sa masu kwaikwayo suka fi yin ta. Wajen shiga gida yawancin masu arahar ba su ba ni wahala ba. Akwai dai wanda fentin bayansa ya yi kauri sai da na goge da samfefa, akwai kuma wanda sifirinsa ya yi laushi har takalmin ba ya komawa baya sosai, kana tafe kana jin "sis, sis, sis" yana gogar faifai. Wannan ƙaramin abu ne, ana iya zama da shi.

Da rani kuwa, gaskiya ban da ƙorafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, hanya a bushe, mai arahar nan yana kama faifai da kyau, ba ƙara, kuma idan ka matsa da yatsa ɗaya yana amsawa daidai gwargwadon matsin. Da a ce haka Legas take duk shekara da ban rubuta wannan ba. Sai dai sabon takalmi, mai tsada ne ko mai araha, ba a sa shi a faɗa titi kai tsaye. Ka samu lungu mara cunkoso, ka ɗauki gudu matsakaici, ka matsa birki har keken ya dawo kamar tafiyar ƙafa, ka sake kafin ya tsaya cak, ka maimaita kamar sau 15 zuwa 20. Da haka ne ɗan garin takalmin ke shafuwa a jikin faifai, kamun ya zauna. Da yawa cikin waɗanda ke cewa sabon takalminsu ba ya ci, wannan ne ba su yi ba.

Ruwan Yuni da Yuli shi ke tona asirin kaya. Wanda bai taɓa tuƙa keke a Agege Motor Road bayan an ɗauke ruwa ba zai ɗauka ruwa ne kawai a ƙasa. Ruwan kwata ne ya haɗu da yashi, da baƙin man da motoci ke zubarwa, taya na watso shi kan faifai, takalmi kuma na niƙa shi duk matsawa. Irin takalmin da ake haɗawa da zare da gari a ɗaure da ƙaro, wanda masu gyara ke kira rezin, ba ya jure wannan, kuma irinsa ne waɗannan takalman. Ko na asalin ma yana saurin cinyewa da damina, ba zan ɓoye ba. Bambancin shi ne na asali ka san yadda zai cinye, kana iya lissafi da shi. Masu arahar kuwa leda ɗaya, shago ɗaya, amma hali daban-daban. Wani ya kai ni ƙarshen damina, wani kafin wata ya mutu ya zama takarda. Kuma a cikin ruwa, kowane birkin faifai yana buƙatar taya ta ɗan juya kafin ya share ruwan ya kama. A na asali jinkirin nan ƙanƙani ne kuma kullum iri ɗaya ne. A mai araha yau ya kama nan take, gobe ka matsa ka ji keken na ci gaba da tafiya, sannan ya fizge ka gaba ɗaya. Hannu ba ya iya sabawa da abin da ke canza hali kullum.

Duk wannan ma zan iya haƙuri da shi. Abin da ya sa na yanke hukunci ya faru ne a gangaren Oke-Ira, a Ogba, wata yamma bayan ruwa, ina ɗauke da kuloli. Na matsa birkin baya sai hannun birkin ya nutse har ya kusa taɓa kan keke, ba kamu, sai wata ƙara ta ƙarfe kan ƙarfe. Na gaba na asali ne, shi na lallaɓa da shi har na gangara gefen titi. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same ni ko wani.

Na tura keken zuwa wurin dattijon da ke mana gyara a unguwa, mutumin da ya fara gyaran keke tun zamanin birkin sanda. Ya cire taya, ya zare fin, ya zazzage takalman a tafin hannunsa. Ɗaya lafiya lau. Ɗayan kuwa ƙarfen bayan ne kawai, tsirara, naman, wato ɓangaren da ke gogar faifai, ya tafi. Muka same shi maƙale a cikin gidan birkin, ya ɓamɓare ɗungurungum kamar ƙanzo daga gindin tukunya, kuma kaurinsa bai ko kai rabi wajen cinyewa ba. Na ce, "Baba, ai bai daɗe ba." Ya juya ƙarfen ya nuna mini da farce: jan tsatsa ya faro daga gefe, ya ci ya shiga ƙarƙashin inda gam yake har kusan tsakiya, fuskar ƙarfen kuma sumul, ba rami ba kaushi da naman zai kama. Ya ce, "Ɗana, wannan ba ƙarewa ya yi ba, ɓallewa ya yi. Wanda zai ƙare yana sallama, wannan ba ya yi." Sai ya ɗauko wani tsohon takalmi mai kyau daga gwangwaninsa ya nuna mini bayansa, inda naman ya cika ramukan da aka huda a ƙarfen, ya riƙe shi ta ciki bayan gam ɗin.

A garin da iska ke ɗauke da laima da gishirin teku, kuma keke ke kwana a tsakar gida a jiƙe, tsatsa ba ta jira. To ka ƙaddara wannan ɓallewar a ƙafar gaba ta faru. Idan ka ci birki nauyinka da na kaya gaba suke komawa, don haka mafi yawan aikin tsayarwa na tayar gaba ne. Birkin baya shi kaɗai a jiƙaƙƙen gangare jan taya kawai zai yi. Na baya ya tafi, kana da mafita. Na gaba ya tafi a bayan tirela, sai dai wani ikon Allah. Kuɗin da za ka rage a nan bai kai na ɗinki ɗaya a asibiti ba.

Wasu abokai da suka ga rezin ba ya jure ruwa sai suka koma mai araha na ƙarfe, wanda ake gasa garin ƙarfe da tagulla a matse. Irin wannan, idan mai kyau ne, ya fi daɗewa a ruwa da taɓo, gaskiya ne. Na gwada mai araharsa a baya. Kamu yana da shi, ƙara kuma ba a magana, kana tsayawa a Ikeja Along kowa sai ya waiwayo. Amma kafin ka saya, sunkuya ka karanta jikin faifanka. Faifai da yawa da ke zuwa da kekuna irin namu an zana musu "Resin Pad Only", wato ƙarfensu bai yi taurin da zai ɗauki takalmin ƙarfe ba. Sabon faifan Shimano kaurinsa milimita 1.8 ne, kuma kamfanin ya ce a canza shi idan ya sauko 1.5. Tazarar ba ta da yawa. Na ga faifan wani ƙanenmu da takalmin ƙarfe ya yi wa zane-zane har farce na maƙalewa, ya kuma kwarmashe a tsakiya. Ya tsira da kuɗin takalmi ya biya na faifai.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne jabu: mai araha ne aka sa masa kwali da sunan babban kamfani, a karɓi kuɗinka kamar na asali ko kusa da haka. Mai leda mara suna aƙalla bai yi maka ƙarya ba, ka san abin da ka saya, za ka sa masa ido. Jabu kuwa zai sa ka saki jiki ka ɗaura shi a gaba. Ka duba rubutun kwali ko ya yi dishi-dishi, ka duba lambar da aka buga a bayan ƙarfen ko ta fito tsaf, idan kuma farashin ya yi daɗin da ya wuce hankali, ajiye. Shagon da nake zuwa yanzu, mai shi yakan ɗora duka biyun a kan kanta ya ce, "Malam, wannan na asali ne, wannan kwafi ne, zaɓi." Saboda wannan maganar kaɗai nake wuce shaguna da yawa in je wurinsa, ko da ya ɗara su da ɗan abin da ba a rasa ba.

Adalci kuma ya sa in ce ba kowane laifi ne na takalmi ba. Mu ma muna kashe shi da hannunmu. Ana shafa wa cen baƙin mai da buroshi, ya fantsama kan faifai, takalmi ya sha, shi ke nan sai kuka da santsi. Takalmin da ya sha mai ya gama aiki, na nawa ne ma. Wasu suna gasa shi a wuta wai man ya ƙone; zafin nan gam ɗin da ke riƙe naman yake raunanawa, kuma a mai araha gam ɗin ne dama inda matsalar take. Faifai da sifirit da tsumma mai tsabta ake goge shi, ba da fetur ko kananzir ba. Haka nan birkin Shimano da na Tektro man minaral suke sha. Kada wani bakanike ya ɗura maka man birkin mota, zai kumbura robobin ciki ya lalata birkin gaba ɗaya.

Yanzu na asali ne a gabana rani da damina. A baya nakan sa mai araha da rani idan aljihu ya yi sanyi, amma da sharaɗi. Duk Juma'a da safe ina cire tayar baya, in haska gidan birkin da fitilar waya. Sabon takalmi namansa kamar milimita 2 ne, Shimano kuma ta ce a cire shi idan ya sauko 0.5. Mai araha ba na barinsa ya kai nan, da ya wuce rabi nake jefar da shi, don idan ya yi siriri ƙafar sifirin ma tana iya shiga tsakaninsa da faifai. Sannan in zare shi in duba layin da nama ya haɗu da ƙarfe. Idan na ga jan tsatsa ko 'yar tsaga, ko na sa bakin sukundireba a gefe na ji yana motsi, ba ya komawa kan kekena. Da ruwan Afrilu ya fara sauka nake mayar da na asali a bayan ma.

Ga mai shirin saye, ka buɗe ledar tun a shago ka duba fin ɗin. Wasu masu arahar suna zuwa da fin gajere wanda bakinsa ba ya leƙowa sosai ta ɗaya gefen, balle a lanƙwasa shi. Shi kaɗai ke hana takalman fita daga gida. Idan bai kai ba ka nemi wani a wurin mai gyara, ka buɗe bakinsa biyu da filaya sosai, kuma kada ka yarda a maye maka shi da waya ko ƙusa.