Ugu ko amunututu: wanne ya fi dacewa da bayan gida a Arewa?

Hajiya, kin tambaya wanne za ki shuka a ɗan filin bayan gidanki a Kano, ugu, wato ganyen miya ɗan dangin kabewa, ko amunututu, ganyen nan mai kauri da Yarbawa ke miya da shi. Dukansu masu yaɗo ne, amma wahalarsu ba ɗaya ba ce.

Matsalar ugu tun daga iri take farawa. Ƙwayarsa ba ta jure bushewa: in aka fasa ɗan ugun aka shanya ƙwayar a rana kamar ta kabewa, ta mutu. Shi ya sa da yawa ke shukawa su ga shiru. Ki sayi wadda aka fasa kwanan nan, mai nauyi a hannu, ki binne ta zurfin santimita 3 zuwa 5, tazarar mita ɗaya tsakanin rami da rami. Cikin mako biyu za ta tsiro, in gafiya da ɓera ba su tone ta ba, don suna son ta ƙwarai. Ga shi akwai mace da namiji, kuma ba a gane su a ƙwaya. Macen ta fi faɗin ganye da kaurin jiki, ita ce kuma mai 'ya'ya, saboda haka kada ki shuka ƙasa da rami biyar ko shida.

Amunututu kuwa ba ya buƙatar iri. Ki yanko reshe mai tsawon santimita 20 zuwa 25, ki cire ganyen ƙasa, ki soka a ƙasa mai laima, tazarar santimita 30. Zai yi saiwa.

Wajen ruwa da zafi ne bambancin ya fi fitowa. Ugu ɗan kudu maso gabashin Najeriya ne, ya saba da laima. A bazarar Kano sai da ban ruwa kullum, da ɗan inuwa da rana tsaka, da ciyawa a gindi, in ba haka ba ganyen ya ƙanƙance ya yi tauri. Amunututu asalinsa yankin Indiya ne, zafi ba ya damunsa. Sanyin hunturu ne ke tsayar da shi, ƙishirwa kuma ta sa ya yi fure da wuri, ganyen ya lalace. Da kin ga fure, ki tsinke.

Dukansu suna son rumfa mai tsayin mita biyu da ruɓaɓɓen kashin kaji. Ɗanyen kashi yana ƙona saiwa.

Ugu ana fara yankansa bayan kamar mako shida, sannan duk mako biyu zuwa uku, da wuƙa mai kaifi, a bar gaɓoɓi don sabon toho. Saiwarsa tana da guba, kada yara ko awaki su kai gare ta. Amunututu yana da yauƙi, kuma ba kowane gida ke son haka a miyar ganye ba.

In don tukunyar gida ne kuma ruwanki ƙalilan ne, fara da amunututu yanzu. In sayarwa kike nufi, ugu ya fi kasuwa nesa ba kusa ba, amma ki jira saukar damina.