Na gwada tsohuwar kamarar Super 8 a Zariya, ga yadda muka kwashe da ita

Jama'a tun da na saka ɗan guntun bidiyon nan na hawan Daushe mutane suka dame ni da tambaya wai wace manhaja na yi amfani da ita har hoton ya fito kamar na zamanin su Baba, toh ba manhaja ba ce wallahi, fim ne na gaske wanda ake wankewa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai gaba ɗaya kowa ya huta.

Kamarar sunanta Canon 310XL, ta fito tun 1975, wato ta girme ni nesa ba kusa ba. A Sabon Gari na tsince ta wajen wani mai kayan gwanjo, tana jibge cikin kwali tare da tsofaffin rediyoyi, shi kanshi bai san ta mene ne ba, ce min ya yi wai ta bidiyo ce caja kawai ta ɓata. Babu wata caja, batir biyu take ci irin na rimot manyan, AA. Da na buɗe gidan batir ɗin na tarar da wani farin gari ya cinye ƙarfen, wani ya bar batir a ciki shekara da shekaru, sai da na zauna da auduga da ruwan lemon tsami da tsinken sakace na kusan awa ɗaya ina kankarewa. Ina saka sabon batir na danna sai na ji krrrrr, kai ranar na yi murna kamar an min albishir da kujerar Makka.

Ga wanda bai sani ba, Super 8 wani siririn fim ne mai faɗin milimita 8 da Kodak ta fito da shi a 1965 saboda masu ɗaukar iyali a gida, biki da suna da yawon shaƙatawa. Kafin shi akwai mai milimita 16 tun 1923, irin wanda aka riƙa haska majigi da shi a garuruwanmu, sai kuma tsohon 8 na 1932 wanda sai ka zare fim da hannu ka juya shi in ya kai rabi. Shi wannan a cikin ɗan baƙin kaset yake zuwa a rufe, ka buɗe gefen kamara ka jefa ka rufe shikenan, ko yaro zai iya.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Kaset ɗaya ƙafa 50 ne, mita 15, kuma kamarar nan hoto 18 take ɗauka a sakan ɗaya, in ka buga lissafi minti 3 da sakan 20 ke nan. Iyakarsa. Ba gogewa, ba a dawo baya a duba, ba allo. Sannan babu sauti ko kaɗan, da waya na naɗi kiɗan tambura da algaita daban na zo na ɗora daga baya.

Ni dai na zaga ban samu mai sayar da fim ɗin a Zariya ba, na tambaya Kaduna da Kano ma shiru, ƙanina da ke karatu a Ingila shi ya taho min da guda uku, biyu Vision3 50D na rana, ɗaya 200T na hasken ƙwan lantarki. Na ja masa kunne sosai kar ya saka a jakar da ake aunawa ta shiga cikin jirgi, don na'urar da ke haska waɗancan jakunkunan tana da ƙarfi tana iya ɓata fim, ya riƙe a hannu ya roƙi a duba da ido. Da suka iso kuma sai matsalar ajiya, fim ba ya shiri da zafi, firiji yake so, mu kuma kun san halin wuta a Tudun Wada. Ƙarshe dai na ƙulle su a leda biyu na saka a gwangwanin madara na ajiye gindin randar Hajiya, ta yi ta min tsiya wai na kawo mata layu.

Abin da ya fi burge ni a kamarar nan gilashinta ne. Yana buɗewa har f/1.0, ma'ana yana shan haske sosai, an yi ta ne dama don ɗauka cikin ɗaki ba tare da an kunna manyan fitilu ba. Na gwada da 200T ɗin bayan magariba a tsakar gida, ƙwai ɗaya ne tal ke ci na sola, Hajiya na zaune kan tabarma tana ɓare gyaɗa tana faɗa da jikoki. Na ce a raina wannan baƙi ƙirin zai fito. Ina! Fuskarta ta fito da wani irin ɗumi, zanen gashinta da ya leƙo ta ƙasan ɗankwali, hayaƙin murhu yana wucewa ta bayanta, ga ɗan tsakuwa-tsakuwan nan na fim yana motsi a jikin hoton kamar yana numfashi. Waya ta za ta fi shi fitar da komai tar, na yarda, amma ba za ta ba ni wannan ba. Sakan 40 ne kacal kuma duk gidan an fi kallon shi a kan komai.

Haske kamarar ita take auna wa kanta, akwai 'yar tsaga a jikin kaset ɗin da ke gaya mata ƙarfin fim, kai dai naka ka saita nisa ka danna. Toh nisan nan shi ya kayar da ni. A irin wannan kamarar abin da kake gani ta ido ba ya nuna maka ko saitin ya zauna, lambobi ne a jikin gilashin, mita kaza mita kaza, kai za ka ƙiyasta ka murɗa. Ranar hawa ina tsaye wajen ƙofar fada cikin turmutsutsu, na ɗauki wani yaro mai rawani a kusa da ni na bar saitin a mita ɗaya da rabi, sai ga 'yan lifida sun taho, zumuɗi ya ɗebe ni na jawo hoton har ƙarshe na yi ta dannawa ban mayar da saitin nesa ba. Kusan rabin kaset ɗin nan dawakai sun zama kamar ana hango su ta cikin hazo. Laifina ne ba na kowa ba. In za ka yi amfani da ita bar gilashin yadda yake ba tare da ka jawo hoton kusa ba, da rana kusan komai zai fito daidai, in kana son kusa taka da ƙafarka ka matsa.

Sai ƙura. Duk wanda ya san hawa ya san ƙurar da kofato ke tayarwa, wani ɗan zare ya maƙale a ƙofar da fim ke bi, ya fito min a saman hoto daga farko har ƙarshen kaset na biyu yana rawa. Yanzu kafin in saka kowane kaset sai na share wajen da ɗan burushi mai laushi. Wani yaro kuma ya bi ni tun daga Ƙofar Doka yana Yaya nuna min, Yaya nuna min, na ce masa sai bayan wata biyu, ya kalle ni kamar mai taɓin hankali.

Ashe ma na rage, wajen wata uku aka yi. Vision3 dodon hoto ne, ba ka iya haska shi a majigi kai tsaye, kuma ba wankin situdiyon unguwa ake masa ba, akwai nashi haɗin sinadarin da ake kira ECN-2, dole ya koma waje a wanke a yi sikanin a turo maka ta intanet. Sai da na jira mai tafiya, sannan na jira layi. In kana son wanda za ka haska a bango kamar da, sai ka nemi Ektachrome 100D da aka dawo da shi a 2018, ko Tri-X baƙi da fari. Kodachrome da ake ta yabon kalarsa kam ya tafi, tun 2010 aka daina wanke shi, in ka ga tsohon kaset ɗinsa a gwanjo kar ka ɓata kuɗinka.

Maganar kuɗi kuwa, kamarar ita ce mafi araha a duk harkar. Kaset ɗaya in ka haɗa saye da wanki da sikanin ya fi ƙarfin buhun shinkafa, a kan minti uku fa. Don haka masu ɗaukar biki da ke tambaya ta ko za su shigo da ita sana'a, gaskiya a'a, amarya ba za ta jira wata uku ba kuma ba wanda zai biya. Amma ɗaliban zane da na wasan kwaikwayo a Samaru da ke son su taɓa fim da hannunsu ko sau ɗaya, ku haɗa kuɗi ku huɗu ku sayi kaset ɗaya ku raba sakan hamsin-hamsin, za ku sha mamakin yadda mutum ke nutsuwa kafin ya danna in ya san kowane sakan kuɗi ne.

Kafin ka biya mai gwanjo ka je da batir ɗinka, ka ji motar na juyawa, ka haska gilashin da tocilan ka duba ko akwai farin abu kamar saƙar gizo a ciki, in akwai ajiye masa kayansa. Ni yanzu na sake aika saƙon kaset ɗaya, 200T, kuma na riga na yi masa wuri, Hajiya ta ce in dai zan sake ɗaukarta sai na bari ta saka leshinta na Sallah.