Biki a gida ko yini ɗaya a Madarunfa?

Ƴar'uwa, kin ce ƙanwarki ba ta son bikin kwana da kwanaki, ta fi son a kwashi dangi a yi walimar yini ɗaya a bakin tafkin Madarunfa, kina tambayar wanne ya fi. Ga yadda nake ganin su biyun.

Bikin gida, a ce a unguwar Bagalam ko Mokoyo cikin Maraɗi, kuɗinsa a tukunya yake tafiya. Daga ranar sa lalle har kai amarya ba a sauke girki, ga hayar tanti da kujeru, ga maroƙa. Amma kuɗin da ya fita yana da hanyar dawowa, domin a wurin mata biki bashi ne. Duk wadda Inna ta kai wa gudummawa shekaru da suka wuce, ranar yinin biki take zuwa ta mayar, sau da yawa har da ƙari. In kuka soke wannan yinin, Inna kuka sa asara. Su gwaggo kuma ba za su ce komai ranar ba, sai dai ku ji a bakin wasu bayan wata uku.

Madarunfa kuwa wuri ne mai daɗi, ga ruwa, ga kifi ɗanye daga hannun masunta, kuma ba nisa daga Maraɗi. Girki sau ɗaya ne. Sai dai arhar tana tsayawa ne in an rage mutane, don kowane kai sai an biya masa mota zuwa da dawowa, sannan tabarmi, ruwan sha da tanti duk daga gari za ku ɗauko. Tsofaffi masu ciwon ƙafa ma a tuna da su. Kuma saboda matsalar ƴan bindiga a ɓangaren iyaka, a baro can tun da la'asar sakaliya.

Ni dai da ni ce, ɗaurin aure da goronsa da dabinonsa a ƙofar gida, a bar wa Inna yininta guda, a kai amarya kamar yadda aka saba. Bayan kwana biyu sai dangi na kusa da ƙawaye su tafi tafki. A sa ranar cikin sanyi, ƙarshen Disamba lokacin hutun ƴan lakwal. Afrilu da Mayu zafi ba zai bar kowa ya zauna ba, da damina kuma hadari ɗaya ya isa ya tashe ku.